Uwa da riba, rance da biki: amsoshin masu kanti

Wani Alhaji daga Tawa, mai kantin kayan masarufi da yake riƙewa tare da ƙanensa, ya aiko yana tambaya: me ya sa ake kiran jari "uwar kuɗi", kuma mene ne "ba uwa ba riba"? Ya ce maiɗakinsa na da juna biyu, ƙanen kuma ya yi masa gargaɗi kada hidimar suna ta cinye uwa.

Alhaji, Allah ya sauke ta lafiya. Ƙanenka ya san Hausa, ya kuma san kasuwa. An kira jari uwa ne domin shi ke haihuwa, riba ita ce 'yarsa. Makiyayi yakan sayar da ɗan akuya ya bar uwar garke, to haka ɗan kasuwa yake cin riba ya bar uwa. "Ba uwa ba riba" kuwa shi ne mutum ya tashi a tutar babu, abin da ya zuba da abin da ya sa rai duka sun tafi.

Inda masu kantin gida suka fi yin tuntuɓe shi ne kalma ta uku, wato ciniki. Ciniki shi ne duk kuɗin da ya shiga akwati daga safe zuwa rufe ƙofa, uwa da riba a cakuɗe. Wanda ya ƙirga ciniki ya kira shi riba ya fara rushe kantinsa da bakinsa. Ga misali da lissafinmu na nan Nijar, inda dala take sefa 5, jaka kuma sefa 1,000, wato dala 200. A ce ka saro buhun shinkafa mai kilo 25 a jaka 12, ka ba mai amalanke dala 50. Uwarka ta zama 12,250. Tsakanin gyara da ake yi wa mai saye da abin da ke zubewa wajen awo, kilo ɗaya ya tafi, saura 24. Ka sayar da kilo a dala 110, ciniki ya kama 13,200. Ribar buhun nan gaba ɗaya sefa 950 ce, ko jaka guda ba ta cika ba. Yanzu sai a aiko yaro daga gida da kwano a ce a auno kilo biyu na abincin dare, ba a rubuta ba don ai kayanmu ne. Kilo biyun nan 1,100 ne. Kwano ɗaya ya share ribar buhu, ya kuma gutsuri uwa. Ba wanda ya yi sata, amma ranar sari za ka tarar kuɗin buhu bai cika ba, ka shiga zargin ƙanenka.

Maganin abin littafi ne: duk abin da ya shiga gida a rubuta shi da farashinsa, kamar na baƙo, a cire daga rabon wanda ya ɗauka a ƙarshen wata. Batun ragon suna kuwa, ciki ba ya zuwa ba zato. In ka ware dala 100 kullum daga ribarka har wata shida, ka tara jaka 90 kafin ranar bakwai ta zagayo, akwatin kanti bai ji komai ba.

Wata Hajiya daga unguwar Wadata a Yamai, mai sayar da atamfa da leshi, ta ce za ta aurar da ɗiyarta, ƙawaye sun fara kawo kuɗi: wannan rance ne, ko bashi, ko gudummawa?

Hajiya, sunansa biki. Aro shi ne abin da za ki mayar da shi kansa, kamar tabarma ko babbar tukunya. Rance shi ne abin da za ki kashe ki mayar da kwatankwacinsa, kuɗi ko tiyar gero. Bashi ya haɗa duk abin da ke wuyan mutum, har da turmin atamfar da aka ɗauka a kantinki sai ƙarshen wata. Gudummawa taimako ce, ba a bin ta. Biki kuwa, a bakin mata, kuɗi ne mai komawa: wadda ta kawo miki jaka 2 yau tana jiran ki ranar nata, kuma al'ada ita ce a mayar da ƙari, sau da yawa ninki. Don haka kada ki zuba kuɗin biki cikin jari ki ɗauka kanti ya ƙaru. Ki sa a rubuta sunan kowace da abin da ta kawo, domin wata rana uku daga cikinsu za su yi taro a wata guda.

Tambaya ta uku daga wani dattijo ce, shi ma a Tawa. Babban ɗansa ya yi aure, ya ce ba zai ƙara zama a kanti ba, cin rani zai tafi Abijan kamar sauran samarin Adar, yankin da Tawa take. Dattijon ya ce masa "albasa ba ta yi halin ruwa ba", yaron ya ji zafi har ya daina shigowa gaisuwa. Shin karin maganar ta dace?

Baba, a ganina an yi wa yaron nauyin baki. Duk wanda ya ga fadamun Galmi, a kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, ya san albasa 'yar ban ruwa ce: da ruwa mai sanyi marar wari ake renon ta, amma ta fito da yaji da warin da ke sa hawaye. Shi ya sa ake faɗar maganar ga ɗan mutanen kirki da ya fito da mugun hali. Zargi ne a kan hali. Yaron da ya ce zai je neman halaliyarsa bai ɓata halin gidansu ba. In gadon sana'a kake nufi, maganar da ke wurin ita ce "kyan ɗa ya gaji ubansa", ita kuwa jan hankali ce, ba ta da dafi.

Amma akwai kalmar da ta fi waɗannan biyu amfani a gare ka, ita ce gandu. A tsarin gandu 'ya'ya suna noma wa uba babbar gona, shi kuma ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu auren fari. Sai dai kakanninmu ba su tsaya nan ba: kowane ɗa yana da gayaunarsa, wasu a Nijar su ce gamana, 'yar gonar da yake nomawa a lokacinsa, amfaninta nasa ne, ba ya neman izinin kowa kafin ya saya wa matarsa zane. Kantunan gida da yawa sun ɗauki gandu sun manta da gayauna. Magidanci mai mata yana auna sukari tun safe har isha, amma kuɗin sabulun ɗakinsa sai ya roƙa. Irin wannan ne ke kora samari tasha.

Ka kira shi, ba a gaban ƙannensa ba. Ka yanka masa ɗaya daga cikin biyu: ko kaso sananne daga ribar wata, a faɗe shi da adadi a gaban shaidu biyu, ko tebur nasa a bakin kanti da kayan da kanti ba ya sayarwa, jarin ya zama rance da ranar biya a rubuce. In duk da haka ya zaɓi tafiya, ka ba shi guzuri daga ribarka, ka sa masa albarka, a kuma rubuta ko guzurin kyauta ne ko rance, domin kada 'yan'uwansa su tayar da maganar ranar rabon gado.