Me ke hana wutar na'urar da aka dasa a jiki bin jini?

Tambaya: An dasa wa mahaifina na'urar daidaita bugun zuciya. Tunda cikin jiki ruwa ne mai gishiri, me ke hana wutarta bin jini, ko ƙarfenta ya yi tsatsa?

Amsa: Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Batir da ƙwaƙwalwar na'urar suna cikin gwangwanin titaniyam da aka yi wa walda da hasken leza, ko iska ba ta shiga. Wayar da ke zuwa zuciya kuwa, da robar silikon ko foliyuretan ake lulluɓe ta, a bar bakinta kawai, inda ake son wutar ta fita.

Wuyar aikin tana kan ƙananan sassa, irin allurorin da ake kafawa a ƙwaƙwalwar mutum don sauraren jijiyoyi, waɗanda roba mai kauri za ta cushe. A nan ake ɗauko Parylene, wata irin roba da ake lulluɓi marar kauri da ita. Michael Szwarc ne ya gano sinadarin a Manchesta a 1947, William Gorham na kamfanin Union Carbide ya samo hanyar shimfiɗa shi, ya shiga kasuwa a 1965. Ba shafa shi ake yi ba. Ana dafa garinsa har ya zama tururi, a fasa shi a zafin da ya haura digiri 600, sannan a sake shi cikin akwatin da aka zuƙe wa iska. Sai ya sauka a kowane lungu, kamar yadda ƙurar hunturu ba ta barin ko bayan kabad. Kaurinsa kan tsaya a ƴan maikiron (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali kaurin gashin kai ya kai wajen 70.

Ƙarfin tare wuta ba ya damun injiniyoyi: maikiron 25 na nau'in Parylene C yana jure sama da bolt 5,000, na'urar zuciya kuwa ƴan bolt take bugawa. Abin tsoro shi ne mannewa. Babu robar da danshi ba ya ratsawa a hankali. Idan lulluɓin ya kama ƙarfen gam, danshin bai da wurin taruwa. Amma maiƙon yatsa ko ɓurɓushin gishiri ya isa ya bar rata, ruwa ya kwanta a ƙarƙashi, lulluɓin ya ɗaye. Zinare da filatinam ma ba sa riƙe shi sosai, shi ya sa ake wanke ƙarfen tas, a fara sa masa sinadarin silen mai taimaka wa lulluɓin mannewa.

Duk ranar da Baba ya je awo, cikin abubuwan da likita ke dubawa har da turjiyar wayar ga lantarki. Idan ta faɗi ƙasa warwas, alama ce rigar wayar ta tsage, don haka kada ya riƙa tsallake ranar asibiti.