Hutu a kurmi: ina za mu je, me za mu saya?

*Ni da maigidana muna zaune a ƙasar waje, hutunmu mako biyu ne. Shi goggon biri yake son gani a Yuganda, ni kuma hankalina ya fi karkata ga tsibirin Borniyo. Ba na jure doguwar tafiyar ƙasa. Wanne za mu zaɓa?*

Malama, ƙafarki ce za ta raba wannan gardama. A kurmi wanda ya fi saurin gajiya shi ke yanke yadda ranar za ta kasance.

Dajin Bwindi na Yuganda tsaunuka ne, daga tsayin mita 1,160 zuwa sama da 2,600, ga santsi ga sarƙaƙiya. Birai ba sa kwana wuri ɗaya, don haka ana iya cim musu cikin awa guda, ana kuma iya wuni ana hawa da gangara. Mutum takwas ake haɗawa kan dangin biri ɗaya, in an same su awa ɗaya tak ake yi. Takardar izinin baƙo ta koma dala 800 tun Yulin 2024, a Ruwanda kuwa dala 1,500 ce. Yuganda na yi wa masu fasfon ƙasashen Afirka rangwame, sai ku tambaya kafin ku biya. Ba a shiga da yaro ƙasa da shekara 15, kuma mai mura ana iya mayar da shi daga bakin daji, domin birin na kamuwa da cutar mutum.

Kogin Kinabatangan da ke Saba, a ɓangaren Maleshiya na Borniyo, wani abu ne daban. A kwale-kwale ake zama da asuba da kuma la'asar, dabbobin na fitowa bakin ruwa: biri mai dogon hanci wanda babu shi ko'ina sai Borniyo, kada, wani lokaci garken ƙananan giwaye. Jan birin nan orangutan sai an yi sa'a, shi ya sa ake haɗawa da cibiyar kula da su ta Sepilok kusa da garin Sandakan, inda ake ajiye musu abinci sau biyu a rana. Mu Kinabatangan muka zaɓa muku. In maigida ya kafe sai Bwindi, ku kama izini watanni kafin tafiya, musamman na Yuni zuwa Satumba, ki faɗa wa jami'ai da safe cewa dangin biri na kusa kike so, sannan ki ɗauki ɗan dako. Ba jaka kaɗai yake ɗauka ba, shi ke kama hannunki a gangara.

*An ce in sayi takalmi mai tsada wanda ruwa ba ya shiga. Ya cancanci kuɗinsa?*

Malam, ya danganta da dajin. A Bwindi, e: kana buƙatar mai rufe idon sawu, mai zurfin zane a ƙasa. A kurmi mai zafi inda ake tsallaka rafi kuwa, ruwan ta sama yake kwararowa, kuma abin da ya hana shi shiga shi ke hana shi fita. Sai ƙafa ta wuni a jiƙe, fata ta yi laushi, bororo ya tashi. Can mara nauyi mai saurin bushewa ya fi. Masu ja-gora da yawa a Borniyo takalmin roba mai arha suke sawa, mai haƙora a ƙasa. Ko wanne ka saya, ka yi makonni kana yawo da shi kafin tafiya, ka kuma bar ɗan sarari gaban yatsu, don a gangara farce ke dukan bakin takalmi har ya yi baƙi.

Abin da ake mantawa shi ne safar matsattsaku. Jaka ce ta yadi mai matsattsen saƙa, ana zura ta kan safa da wando, a sa takalmi, a ɗaure ƙasan gwiwa. Safar yau da kullum ba ta tare komai, matsattsaku na ratsa saƙarta. In matsattsaku ta kama ka, kada ka ƙona ta ko ka zuba mata gishiri, tana iya amayo abin cikinta a raunin. Sa farce a gefen bakinta, ta siririn ɓangaren, ka ture ta. Jinin zai daɗe yana tsatsafowa saboda yawunta na hana shi daskarewa. Wanke, danna, rufe. A Bwindi kwarkwasa ce abin gudu: cusa ƙafar wando cikin safa, ka sa safar hannu saboda ƙaya da ganye mai ƙaiƙayi.

*Mun girma inda ake maleriya. Dole sai mun sha maganin rigakafi?*

Dole. Ɗan juriyar da jiki ke samu yana dusashewa in mutum ya daɗe sauro bai cije shi ba, kuma masu irin wannan tunani na cikin waɗanda suka fi kwanciya bayan tafiya. A Saba ma akwai nau'in maleriyar da sauro ke ɗaukowa daga birai. Ku ga likita wata guda kafin tashi. Maganin Malarone ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin shiga, a ci gaba kwana bakwai bayan fitowa. Doxycycline ya fi arha, amma sai an yi mako huɗu bayan dawowa, yana sa rana ta ƙona fata, kuma ba a ba mai ciki. Man korar sauro ya ƙunshi sinadarin DEET kashi 30 zuwa 50. Yana cin roba, a wanke hannu kafin a taɓa tabarau ko kyamara. Zazzaɓi ko bayan watanni ne, ku gaya wa likita inda kuka je.

Ku bincika ko Yuganda na neman katin allurar shawara, wadda sai ta kwana goma take aiki. Biza kuma fasfonku take bi, ba ƙasar da kuke zaune ba. Ku duba cewa fasfo na da sauran wata shida, katin izinin zamanku ba zai ƙare kuna can ba, sannan inshorarku ta ambaci tafiyar daji da kwaso mara lafiya, don wasu na ƙayyade tsayin dutsen da suka yarda da shi.

*Madubin hangen nesa ɗaya ya ishe mu mu biyu?*

A kogi bai isa ba. Kafin a miƙa a sake daidaitawa, tsuntsun ya tashi. Ku nemi mai lamba 8x42: yana kusanto da abu sau takwas, faɗin gilashinsa milimita 42 na tara haske a duhun ƙarƙashin itatuwa. Mai kusantowa sau goma rawa yake yi a kwale-kwale. Araha ba ta ado a nan: wanda ba a toshe shi daga ruwa ba, raɓa ke taruwa cikinsa, babu yadda za a goge. Kyamara ma haka take yi in an fito da ita daga ɗaki mai na'urar sanyaya wuri. A ƙulle ta cikin leda tukuna, a bar ta waje kamar rabin awa sannan a buɗe. A gaban goggon biri an hana walƙiyar kyamara, ku kashe ta tun a masauki.