Kafin ka danna F1

Ka ce da an kunna kwamfutar sai ta tsaya ta rubuta "CPU Fan Error", ba ta wucewa sai an danna F1, ga fanka tana ƙara, shi ne kake tambaya ko a yi wa BIOS filashin, wato a sake rubuta ƙaramar manhajar nan da ke fara tayar da inji. Ajiye wannan tunanin tukuna, yaro. BIOS ɗin lafiyarta ƙalau, aikinta take yi. Kafin Windows ta taso, ita ke bi ta duba ram da furosesa da fanka, in ta ga abin da bai yi mata ba ta tsaya ta faɗa. Filashin kuwa, in wuta ta ɗauke ana tsaka da shi, bod ɗin, wato babban allon da komai ke haɗe a kansa, na iya mutuwa ɗungurungum.

Zare wayar wuta, ka buɗe akwatin, ka bi wayar fankar da ido har inda aka soka ta. Fulogin ƙafa 3 ne ko 4. Biyu na wuta ne, bolt 12. Ta ukun ita ke kai wa bod rahoton gudun fankar, ta huɗun kuma, in akwai, da ita bod ke ƙara mata gudu ko ya rage. To in aka soka ta a soket ɗin SYS_FAN ko CHA_FAN maimakon CPU_FAN, fanka za ta yi ta juyawa abinta, amma a wajen BIOS furosesa ba ta da fanka. An fi samun haka a injin da wani ya riga ka buɗewa.

In fulogin yana wurinsa, sai ka kasa kunne. Hucin iska mai ƙarfi alamar zafi ce: ƙura ta toshe ƙarfen sanyayawa, ko man da ke tsakaninsa da furosesa ya bushe ya zama gari. Goge tsohon tas, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ya isa. Gurnani kuwa ko ƙugi, musamman da an kunna inji yana sanyi, boris ne ya cinye. Juya fuka-fukan da yatsa. In ka ji sun cije ko suna rawa gefe da gefe, canja fankar kawai. Ɗiga mata mai na sa ta yi shiru na ɗan lokaci, daga baya mai kaya ya dawo maka da ita. In za ka hura ƙura da bulowa, danne fuka-fukan da yatsa, kada iska ta yi ta wulwula su.

Akwai masu shiga BIOS su mayar da duba fanka zuwa "Ignore" don saƙon ya ɓace. Ban yarda a yi haka a hannuna ba, don ranar da fankar ta tsaya cak babu mai sanar da kowa. Sai dai in babbar fanka ce mai juyawa a hankali, wannan rage iyakar gudun da BIOS ke jira za ka yi.

Duba kwanan wata ma. In ya koma shekarun baya, ko ka ga "CMOS checksum error", wannan matsala ce daban: ɗan batirin nan CR2032 na kan bod, mai riƙe kwanan wata, shi ne ya yi sanyi. Sa masa mita, sabo bolt 3 yake bayarwa.

Ka gama, kada ka rufe murfin. Shiga BIOS da Del ko F2, ka zuba wa gudun fankar da zafin furosesa ido na minti 10, sannan ka kira ni in gani.