Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Takalmi Mai Fale-falen Ƙasa da Gudun Famfalaki na Legas

Assalamu alaikum. Tun da watan Fabrairu ya fara matsowa, saƙonninku suka karkata ga gudun famfalakin Legas, wanda aka fara a 2016 kuma aka saba yi a wannan wata. Yawancinsu a kan takalmi suke, musamman irin mara nauyin nan mai fale-falen ƙasa da ake tallarsa a intanet cewa yana mayar da ƙafa yadda Allah ya halicce ta. Ga waɗanda na zaɓo.

Tambaya: Likita, ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12, shekaruna 29. Saura mako shida a yi tsere, kuma na yi rajistar kilomita 42. Da kambas mai kauri nake atisaye, amma abokina ya ce in sayi mai fale-falen ƙasa don ya fi sauri. In saya?

Amsa: Ƙanena, kada ka saya don wannan tseren. Ka shiga da kambas ɗin da ƙafarka ta riga ta sani.

Bari in yi maka bayanin dalili. Takalmin gudu na yau da kullum yana ɗaga dunduniya sama da yatsu da kamar milimita 8 zuwa 12, kuma a ƙarƙashinsa akwai soso mai shanye bugun ƙasa. Wanda abokinka yake nufi kuwa, bambancin dunduniya da yatsunsa bai wuce milimita 4 ba, wani ma babu ko kaɗan, sannan ƙasansa siriri ne, za ka iya naɗe shi a hannu. Da ka sa shi, jikinka da kansa zai daina sauka a kan dunduniya saboda zafi, ya koma sauka a tsakiyar tafin ƙafa ko gabanta. Nauyin da gwiwa take ɗauka yana raguwa, wannan gaskiya ne. Sai dai nauyin bai ɓace ba, wuri ya sauya: ya koma kan agara, da naman sha-raɓa, da siraran ƙasusuwan nan biyar da ke tsakanin idon sawu da yatsu.

Nama yana ƙarfi cikin makonni. Jijiya da ƙashi watanni suke bukata. A 2013 masu bincike a Jami'ar Brigham Young ta Amurka sun bi 'yan gudu ƙwararru da suka koma wani takalmi mai fale-falen ƙasa da ake kira Vibram FiveFingers a hankali cikin mako 10. Da aka ɗauki hoton MRI, wato hoton asibiti mai nuna har cikin ƙashi, 10 daga cikin 19 sun nuna kumburi a cikin ƙashin ƙafa, wato alamar ƙashi na gab da tsagewa. Ka lura, su mako 10 suka samu, kuma sannu a hankali suka bi. Kai mako shida gare ka, ga tsayuwar kasuwa da ɗaukar buhu wuni guda.

Tseren kilomita 42.195 taku ne sama da dubu 30, kowane taku na dukan ƙafa da ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinka. Hanyar kuma duk kwalta ce da kankare. A shekarun da ake tashi daga babban filin wasa na Surulere a ƙare a Eko Atlantic, gadar Third Mainland kaɗai ta kusa kilomita 12, babu inuwa, babu ƙasa mai laushi da za ka ratse ka huta wa ƙafa. Maganar sauri da abokinka ya yi tana da ɗan tushe, domin kowane giram 100 da aka ƙara wa takalmi yana ƙara ƙarfin da ake kashewa da kusan kashi 1 cikin 100. Amma soso ma yana rage wa tsoka aiki, kuma ribar kashi ɗaya ba za ta amfane ka ba idan ka fara ɗingishi a kilomita na 25. In har kana sha'awar takalmin, ka bari a gama tsere, ka huta mako biyu ko uku, sannan ka fara.

Tambaya: Ni a ƙauye na tashi, ba takalmi muke kiwo da zuwa gona. Yanzu ina gadi a Obalende. Na ji an ce wani ɗan Habasha ya ci gasar duniya ba takalmi. Me zai hana ni?

Amsa: Malam, labarin gaskiya ne. Abebe Bikila ya lashe gudun famfalaki na gasar Olamfik a birnin Rum a 1960 ƙafarsa ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, bayan shekara huɗu ya sake lashewa a Tokiyo, wannan karon da takalmi, kuma ya fi sauri da kusan minti uku.

Tasowarka ba takalmi alheri ne a gare ka. Irinku galibi yatsunku a buɗe suke, tsokar tafin ƙafarku da ƙarfi. A 2010 Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard ya wallafa binciken da ya yi har da 'yan gudun Kenya, inda ya nuna cewa waɗanda suka saba gudu ba takalmi sun fi sauka a gaban ƙafa, kuma bugun farko da ke ratsa jikinsu ya fi sauƙi. Saboda haka ina ganin za ka fi ɗan birni saurin sabawa da takalmi mai fale-falen ƙasa. Amma ka tambayi kanka shekara nawa ke nan kana cikin but ɗin gadi. Ƙafa tana mantawa. Kuma yashin ƙauye daban, titin Legas daban: ƙusa, fasasshiyar kwalba, waya, ruwan kwata. Gudu ba takalmi sam a titin garin nan ban yarda da shi ba. Ka sa wani abu ko da siriri ne, kuma idan allurar rigakafin tetanus ɗinka ta haura shekara 10, je ka sabunta.

Tambaya: Likita, in mutum ya yanke shawarar komawa irin wannan takalmi, yaya zai zaɓa, kuma yaya zai fara? Ni malamar makaranta ce a Idi-Araba, ina gudun kilomita biyar sau uku a mako, burina in yi kilomita 10 baɗi. Babban yatsana ya karkace, kambas yana matse ni.

Amsa: Malama, ke ce kika yi tambayar a kan kari, domin kina da shekara guda a gabanki.

Abu na farko da za ki duba shi ne faɗin gaba. Wannan shi ne abin da na fi so a takalman nan, kuma mai karkataccen yatsa irinki ta fi kowa bukatarsa. Zare shimfiɗar cikin takalmin, ki ajiye a ƙasa, ki taka. Idan yatsunki sun zubo ta gefe, ya yi miki kaɗan, komai kyansa. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanki mafi tsawo da bakin takalmin. Ki je saye da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ki yi gudu da ita.

Sai dai faɗin gaba da sirantar ƙasa abu biyu ne, kuma ba dole ki haɗa su ba. Akwai takalma masu faɗin gaba, dunduniya daidai da yatsu, amma da soso isasshe. Kamfanin Altra da wannan aka san shi. Ga mai gudu a kwalta, na fi son a fara da irin wannan, ko da mai tudun milimita 4 zuwa 6, kafin a sauka zuwa siririn gaske irin su Vivobarefoot ko Xero. Takalmi mai faɗi zai rage miki zafi da gogayya, amma ba zai miƙar da yatsan da ya riga ya karkace ba, kada wani mai talla ya ce miki zai yi. Shi kansa kamfanin Vibram a 2014 ya amince ya biya dala miliyan 3.75 a Amurka don sasanta ƙarar da aka kai shi kan iƙirarin da ya yi cewa takalminsa na ƙarfafa ƙafa da rage rauni.

Wajen farawa, mako uku ko huɗu na farko tafiya kawai za ki yi da shi, a gida da makaranta. Bayan haka ki yi minti biyar na ƙarshen gudunki da shi, sauran da tsohon kambas. Kada ki yi kwana biyu a jere. Ki riƙa ƙara kaɗan-kaɗan, idan kin tashi da safe agara ta sage ko dunduniya na zafi, ki koma matakin baya. Ki gajarta taku, ƙafa ta riƙa sauka a ƙarƙashin jikinki, ba can gaba ba. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya riƙa gudu a kan yatsu da gangan, yana hana dunduniya taɓa ƙasa. Wannan shi ke kashe agara. Ki bar dunduniya ta sauka a hankali bayan gaban ƙafa.

A gida ki tsaya a bakin matakala, ki ɗaga dunduniya sama, ki sauke ta a hankali, sau 15, ki maimaita sau uku. Ki shimfiɗa tawul ki riƙa jawo shi da yatsun ƙafa. Ki tsaya da ƙafa ɗaya yayin da kike jiran ruwa ya tafasa. In kin samu fili mai ciyawa ko yashin bakin teku mai tsabta, ki fara a can. Wata huɗu zuwa shida ba su yi yawa ba. Idan kuma kina da jiki sosai, ki ƙara haƙuri a kan haka, domin masu nauyi sun fi samun rauni da siririn takalmi.

Tambaya: Shekaruna 54, ina zaune a Agege, ina da ciwon suga shekara tara. Likitana ya ce in riƙa motsa jiki. Ɗana ya kawo mini irin takalmin nan. Zan iya shiga tseren kilomita 10 da shi?

Amsa: Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa yaro albarka. Amma takalmin nan ka mayar masa. Suga da ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, yana kuma rage gudun jini zuwa can. Siririn takalmi ya dogara ne ga cewa ƙafa za ta ji ƙasa ta gyara taku. Wanda jinsa ya ragu zai taka tsakuwa ko ya yi bororo bai sani ba, kuma a ƙafar mai suga ƙaramin ciwo kan zama gyambon da ke kaiwa ga yanke ƙafa. Ba don in tsorata ka nake faɗa ba, abu ne da muke gani a asibiti.

Ka nemi takalmi mai soso, mai faɗi, wanda ba shi da ɗinki mai kaushi a ciki. Kafin ka yi rajista, a gwada jin tafin ƙafarka da ɗan zaren roban nan da ake dannawa, a duba bugun jini a ƙafa, a auna hawan jini da zuciya. Kullum bayan alwalar isha ka duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ka tsane su sosai. Tafiya da sauri minti 30 sau biyar a mako ta ishe ka mafari. In kana shan maganin da ke saukar da suga sosai ko kana allurar insulin, ka riƙe dabino ko alewa a aljihu.

Tambaya: Sabon takalmin gudu ya yi tsada. Na gwanjo a Yaba ko Katangua fa?

Amsa: Babu laifi, amma da lura. Soson takalmin gudu yana mutuwa bayan kamar kilomita 500 zuwa 800, ko da samansa na sheƙi. Ajiye shi a kan tebur ka dube shi ta baya. In ya karkata gefe ɗaya, ya ɗauki takun mai shi na farko, bar shi. Danna soson da yatsa, in ya yi tauri ko ya yi tamoji da yawa, ya gama aiki. A nan siririn takalmi ya ɗan fi, tunda ba shi da soson da zai mutu, sai dai ka duba ko ƙasansa ya cinye. Ka wanke, ka shanya a rana ya bushe sarai, saboda zafi da laimar Legas na haifar da ruɓewar tsakanin yatsu. Kada kuma ka ruɗe da kambas ɗin kwalliya mai shafaffen ƙasa, ko takalmin roba. Sirantarsu ba ta mayar da su takalmin gudu ba.

Tambaya: Na koma siririn takalmi wata ɗaya da ya wuce. Yanzu saman ƙafata na ciwo a wuri ɗaya, ya ɗan kumbura. Ina shan diclofenac ina ci gaba da gudu. Ɗalibi ne ni a Akoka.

Amsa: Ɗana, dakatar da gudun daga yau. Ciwon tsoka yana bazuwa ne, yana kama ƙafa biyu, yana sauƙi in jiki ya yi ɗumi. Ciwon da za ka iya nunawa da yatsa ɗaya a kan ƙashi, ga kumburi, yana ƙaruwa in ka ci gaba da gudu, tsagewar ƙashi ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Ƙashi na biyu da na uku na tsakiyar ƙafa su suka fi yin haka.

Je ka ga likitan ƙashi. Asibitin ƙashi na Igbobi ba shi da nisa da kai. Ka sani cewa hoton ƙashi (X-ray) na farko yana iya fitowa kamar babu komai, domin irin wannan tsagewa sau da yawa ba ta bayyana sai bayan mako biyu ko uku, shi ya sa ake maimaita hoton ko a yi MRI. Kada ka kai wa mai ɗori ya murza. In an kama ta da wuri, hutun mako shida zuwa takwas da takalmi mai tauri ƙasa yakan wadatar, kuma kana iya tuƙa keke ko iyo idan likitan ya yarda. In ka yi gardama, ƙashin na iya karyewa gaba ɗaya.

Maganin kuma ka ajiye shi. Diclofenac da ibuprofen suna ɓoye ciwon da ke yi maka gargaɗi, sannan shan su kafin dogon gudu a zafin Legas, jiki na zubar da gumi, yana iya taɓa ƙoda ya kuma ƙona ciki. In zafin ya hana ka barci, sha farasitamol kafin ka samu ganin likita. Ka rubuto mini abin da hoton ya nuna. Allah ya ba ka lafiya.