Ka Ga Tallan Gahawar Japan, Ba Ka Ga Injinan da Ke Bayansa Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da 'yar sana'a a Kano. Ina dafa shayi da citta da kanumfari, in sanyaya, in ɗura a gorar roba, ina sayar da ɗaya naira 400. Kullum ina yin kamar gora 200, ina kai wa shaguna 12. Ƙanen matata ya nuna mini tallace-tallacen gahawa da shayi na Japan a YouTube, ga ban dariya ga kiɗa mai daɗi. Ya ce in na ba shi miliyan biyu da rabi zai samo ɗan barkwanci da mawaƙi su yi mini irinsu, cikin wata uku in zama kamfani. Kuɗin su ke nan duk abin da na tara. In ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka ba shi. Ban ce yaron macuci ne ba, mai yiwuwa har ya iya aikin. Matsalarka tana cikin wasiƙarka, kai ka rubuta ta da hannunka: shaguna 12. Kana shirin tara mutanen Kano kaf ka kwaɗaita musu abin da ba za su samu ba in sun fita nema.

Tallan da aka nuna maka na san su. Wanda ya fi fice shi ne na BOSS, gahawar gwangwani ta kamfanin Suntory. Tun 2006 suka ɗauko Tommy Lee Jones, ɗan fim na Amurka, suka mai da shi wata halitta daga sararin samaniya da ta zo binciken 'yan Adam. Yau yana aikin kai saƙo gida-gida, gobe yana wurin gini, jibi yana filin jirgin sama, fuska a murtuke, yana mamakin yadda mutane ke wahalar da kansu da aiki. A ƙarshe ya buɗe gwangwani ya kurɓa. Dariyar ba ta tsalle-tsalle ba ce. Lebura da direba da ma'aikacin ofis suna ganin gajiyarsu ce ake tsokana, kuma su ne masu sayen gahawar. Na shayin Iyemon kuwa, wanda Suntory ta fitar a 2004 tare da wani tsohon gidan shayi na Kiyoto mai suna Fukujuen, tafiyarsa a natse take, miji da mata cikin kayan gargajiya, da kiɗan Joe Hisaishi, wani fitaccen mai tsara kiɗa na Japan. Nescafé Gold Blend ma ta yi gomman shekaru tana maimaita amo guda a tallanta na Japan, har ya zama da an ji shi an san gahawa ake nufi.

To, me ya sa suke zuba kuɗi a kan dariya da kiɗa? Ba don su sanar da mutane cewa akwai gahawa ba. Kowa ya sani. Kamfanin gahawa na UCC ya fara sa gahawa mai madara a gwangwani tun 1969, ta samu karɓuwa a baje kolin duniya na Osaka a 1970. Coca-Cola ta shigo da gahawarta mai suna Georgia a 1975. Kamfanin Kirin ya kawo shayinsa na gora, Gogo no Kocha, a 1986, kamfanin Ito En ya fito da shayinsa da sunan Oi Ocha a 1989. A Japan akwai injinan sayar da kayan sha sama da miliyan biyu, irin waɗanda za ka jefa kuɗi su sako maka gwangwani, mai zafi ko mai sanyi. Suna tashar jirgin ƙasa, suna bakin ma'aikata, suna lungun ƙauye. Ga kantunan unguwa sama da dubu hamsin, galibinsu ba sa rufewa dare da rana. Mutum zai tsaya gaban inji, gahawa kala-kala a jere, kuɗinsu kusan ɗaya, ɗanɗanonsu ba nisa. Yatsansa zai danna ɗaya cikin ƙiftawar ido. A kan wannan dannawar ake yaƙi. Tallan daƙiƙa 15 aikinsa ke nan, ya sa yatsa ya karkata wajen wanda ya ba ka dariya jiya da daddare.

Kai ina naka injin? Mutumin Hotoro ya ga tallanka ya yi dariya, ya leƙa shagon layinsu, babu. Ya tambayi na gaba, mai shago ya ce bai taɓa jin sunan ba. Sai ya sayi lemon kwalba ya tafi. Ka biya kuɗi ka tayar masa da ƙishirwa, wani ya ci cinikin.

Kuma lura, BOSS ta fito ne a 1992, Jones bai zo ba sai bayan shekara 14. Sun yi talla tun farko, gaskiya ne, amma Suntory kamfani ne da ya samo asali tun 1899, da motocinsa da dillalansa. Sannan sun riƙe mutum ɗaya da wasa ɗaya kusan shekara ashirin. Abin da ke sa talla ya zauna a kai maimaici ne, maimaici kuma kuɗi ne da ba ya yankewa. Miliyan biyu da rabi, bayan an sallami mawaƙi da ɗan barkwanci da mai ɗaukar hoto, abin da zai rage na sakawa a talabijin ba zai kai ka ko'ina ba.

Mu ƙiyasta. A ce kowace gora tana bar maka naira 80 bayan sukari da gora da ƙanƙara da kuɗin mota, kuma na kyautata maka zato. Sai ka sayar da ƙarin gora sama da dubu 31 kafin kuɗin tallan su dawo. A yadda kake yi yanzu, ribar fiye da wata biyar ce cur, ba ka ci ba ka sha ba. Wata ukun da aka yi maka alkawari, wa ya lissafa shi?

Na san wata baiwar Allah mai zoɓo da ta yi irin wannan. Waƙar tallanta ta shiga gari, yara na rerawa a hanyar makaranta. Waya ta yi ta ƙara, masu sari na neman katan-katan. Tukunyarta biyu, firiza ɗaya. Don kada ta ji kunya ta ɗebo yara ta ƙara ruwa, ta aika kaya nesa ba sanyi. Zoɓo ya yi tsami a hanya, masu shago suka dawo da shi, wasu suka riƙe kuɗinta. Da waƙar ba ta yi daɗi ba da asararta ba ta kai haka ba, domin sunan da kowa ya haddace shi ne aka riƙa kira ana cewa kada a saya. Gahawar gwangwani ana dafa ta a rufe ta yadda za ta yi watanni. Shayinka kwana nawa yake yi in an ɗauke wuta?

Ga inda zan sa kuɗin da ni ne. Ka fara da rajistar NAFDAC in ba ka da ita, don ba a tallata abin sha a kafafen yaɗa labarai ba tare da ita ba, manyan kantuna ma ba za su karɓa ba. Ka nemi masanin sarrafa abinci ya duba yadda shayin zai ƙara kwana. Ka sayi kuloli masu sunanka ka raba wa masu shago da masu abinci a bakin asibiti da tasha da makarantu, ka ɗauki yaro mai babur da zai zagaya kullum da littafi: an kai nawa, an sayar da nawa, an dawo da nawa. Rabin kuɗin ka bar shi a ajiye, kada ka taɓa. Sai ka kai shaguna 100 waɗanda ke kiranka da kansu in kaya ya ƙare, sannan mu yi maganar waƙa.

Shi kuwa surukin naka, kada ka ɓata da shi. Ka ba shi dubu hamsin da wayarsa, ya yi gajeren bidiyo da masu adaidaita sahu da 'yan dako da suka riga suka saba shan shayin, a rubuta sunan unguwar da ake samunsa a ƙarshe. Ka duba littafin shagunan unguwar bayan sati biyu. In lamba ta motsa, ka ƙara masa wata hamsin ɗin.