Hukuncin koyon zanen kai da jikin mutum, da batun layin da ake ja a wuya

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina koyon zane. Nakan fara da da'ira, in ja layin gira da na hanci da na haɓa, in ɗora muƙamuƙi har fuska ta fito. Yanzu na shiga zanen jiki, kuma yawancin hotunan da ake koyo da su a intanet na mutane ne ba tufafi. Wani abokina ya ce in riƙa jan layi a wuyan duk wanda na zana, shi ke nan ya halatta. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ɗana, hankalinka ya tafi kan layin wuya, alhali abin da ya fi nauyi a tambayarka shi ne hotunan nan na marasa tufafi.

Zanen bishiya da gini da dutse babu saɓani a kansa. Zanen mai rai a takarda kuwa malamai sun rabu. Imamu Nawawi da jama'a masu yawa sun haramta, da inuwa ko babu. Malikiyya, kamar yadda Dardir ya bayyana a sharhinsa na Mukhtasar, sun taƙaita haramcin ga siffa mai inuwa, wato mutum-mutumi, wadda gaɓoɓinta suka cika. Ta takarda ko ta bango makaruhi ce a wurinsu, in kuma ana wulaƙanta ta to barinta ne kawai ya fi. Hujjarsu togaciyar da ta zo a hadisin Abu Ɗalha na cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai sura, "sai dai zane a tufa", kuma Ibnu Hajar ya kawo cewa Alƙasim ɗan Muhammad, ɗaya daga fuƙaha'u bakwai na Madina, yana kan irin wannan fahimta. Da wannan nake ba ka fatawa, tunda koyo kake yi a littafin da ake rufewa a ajiye. Da'irarka da layukan da suka raba fuska gida uku, kafin ido da baki su fito, waɗannan ba su ma kai a kira su sura ba.

Maganar abokinka ba ta da ƙafar tsayawa a kowane ɓangare. In ka bi Malikiyya, ba ka bukatar layin. In ka bi masu haramtawa, layin bai fitar da kai ba. Abin da Jibrilu ya umarta a hadisin Abu Huraira shi ne a yanke kan siffar har ta koma kamar bishiya. To dubi takardarka bayan ka ja layin: idanu suna nan, hanci yana nan, mutumin yana kallonka. Wace bishiya ce ke da gira? Kasani, malamin Hanafiyya da ya rasu a shekara ta 587 bayan hijira, ya ce wanda ya ɗinka zare a wuyan siffa bai yi komai ba, ado ma ya ƙara mata, irin zoben da ke wuyan wasu tsuntsaye. Duk wanda ya taɓa kallon kurciya da kyau ya gane nufinsa. Masu wannan dabara sukan ce ai an raba kai da gangar jiki, siffar ba za ta rayu ba. Ina ce ita ta takarda dama ba ta taɓa rayuwa ba? Abin lura shi ne yadda ido ke ganinta, kuma ido sarƙa yake gani ko wuyan riga. Illar dabarar ita ce tana koya wa yaro yi wa shari'a wayo, ya yi abin da yake ganin haramun ne sannan ya kwantar da zuciyarsa da fensir.

Tsiraici kuwa bai shiga wannan saɓani ba. Kallon al'aura haramun ne, a fili ko a waya, kuma ba ka cikin lalurar da likita yake ciki. Abin da kake nema a jiki shi ne awo da motsi: tsawon mutum kai bakwai da rabi ne ko takwas, kafaɗa na karkata sa'ad da ƙugu ya karkata ɗaya gefen. Ƙwarangwal da zanen tsoka na littattafan kimiyya za su ba ka wannan. Ƙanenka ya tsaya maka da wandon da ya rufe cibiya zuwa gwiwa, ga kafaɗa ga ƙirji ga hannu. Ka kuma zauna bakin kasuwa ka lura da yadda babbar riga ke zuba daga kafaɗar dattijo, ninkinta kaɗai yana nuna inda gwiwar hannu take.

Ƙari kan abin da ka tambaya: kada ka zana annabi ko sahabi ko da wasa. Kada ka karɓi aikin siffar wani malami don a rataye ana neman tabarruki, Ibnu Abbas ya faɗa mana ta wannan ƙofa shirka ta shiga wa mutanen Nuhu. Kada ka zana fuskar 'yar mutane ka watsa. In an kai ga darasin yumɓu, tsaya ka sake tambaya, hukuncinsa daban ne. In mahaifinka yana kan fatawar masu haramtawa, kada ka yi masa musu da maganata, ka karkata ga zanen gini da ado har ka samu yardarsa.

Allah ne mafi sani.