Ƙamus ko ɗan littafin nahawu: wanne zan saya wa 'yata?

Tambaya: Malam, 'yata za ta zauna jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji bana, Ingilishi kuma yana ba ta wuya, musamman darasin ire-iren suna. Ina shiga Katsina ta Ɗan Isa saro kaya, kuɗin littafi ɗaya gare ni. In sayo ɗan littafin nahawu mai araha, ko in daure in sayi ƙamus? Daga wani mahaifi a unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Alhaji, ka daure ka sayi ƙamus. Abin da ƙaramin littafin zai gaya mata, mushe, wato malamin ajinsu, ya riga ya rubuta a allo: akwai sunan da ya keɓanta da abu ɗaya kamar Maradi, akwai na gama-gari kamar town, akwai na taro kamar team. Wannan haddar yini guda ce.

Inda yaranmu ke faɗuwa shi ne suna mai ƙirguwa da marar ƙirguwa, kuma Faransancin da suka taso da shi a lakwal ne ke yi musu tarko. Yarinya ta saba rubuta des informations, des conseils, des meubles, sai ta zo Ingilishi ta liƙa s, ta rubuta informations, advices, furnitures. Duk ukun jan biro za su sha, domin Ingilishi ba ya ƙirga su, ba a kuma sa musu a ko an. In ana son guda ɗaya, sai a ce a piece of advice. Babu dokar da za ta fitar mata da waɗannan kalmomi gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya ake sanin su. Ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Longman, yana sa harafin C a gefen mai ƙirguwa, U a gefen marar ƙirguwa. Wasu ma biyun suke ɗauka: paper takarda ce, a paper kuwa jarida.

Kafin ka biya, buɗe wajen kalmar advice a gaban mai shago. In ba ka ga U ba, ajiye masa kayansa. Ka kuma bi lambobin shafuka, don jabun bugu ya yi yawa, wani sai an kai gida a tarar harafi guda ya ɓace ɗungurungum.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maradi. Ƙamus na waya bai wadatar ba?

Amsa: Ƙanena, ya wadatar in yana nuna C da U, kuma yana aiki ba da intanet ba. Manhajar fassara kaɗai ba za ta koya maka wannan ba. Ka kuma kula da babban baƙi: Faransanci yana rubuta lundi da janvier da ƙaramin harafi, Ingilishi kuwa dole Monday da January su fara da babba.